Ranar da Na Sauya wa Taguwa Mai

Lahadi, Dakoro zuwa Kornaka

Mun bar Dakoro ranar Lahadi da ƙarfe biyar saura kwata, bayan mun yi sallar asuba a ƙofar gidana. Mu biyu ne a gaban mota, ni, Illa, da abokina Agali, makiyayin raƙuma na wajen Tagriss. A baya fatu ne da ƙiraga da zan kai Maraɗi. Mushe, wato malamin da ke koya mana karatu da maraice, ya ce in na dawo in rubuta tafiyar zango-zango, ƴan ajinmu su karanta. To ga ta da hannuna, inda aka ga harafi ya karkace a yi haƙuri.

Sai na fara faɗin dalilin tafiyar. Shekara ashirin da biyu na yi ina bin ayarin gishiri, har na zama madugu. Bara na sayar da raƙumana kaf, na sayi tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya ta soja, mutanen gari suka sa mata suna Taguwa, wato raƙuma. Ba ni da wata dukiya bayanta. In injinta ya mutu, na zauna ba raƙumi ba mota.

Direban da ya koya mini tuƙi ya koma Damagaram. Kafin ya tafi ya rubuta wata lamba a jikin kwali ya maƙale gaban kujera. Ya ce ranar da agogon ƙidayar tafiya ya kai wannan lamba, a zubar da man inji a zuba sabo, a kuma sauya filtir, wato matatar da ke tare dattin mai. Sunan aikin bidanji. A lokacin ban san karatu ba, kwalin ya zama mini kamar laya. Ranar da na iya haɗa lambobi na duba, sai na tarar mun wuce da kilomita ɗari uku. Babu makanike a Dakoro sai na gidan kumandan mai mulkin gari, shi kuwa ba ya taɓa motar talaka. Aka ce mini akwai wani tsohon soja a Kornaka, Kaparal Nomau, shi zan nema.

Agali ya biyo ni ne saboda tsohon man. Taguwarsa ta gaskiya, mai ƙafa huɗu, ta kamu da ƙazuwa, makiyaya kuwa sun ce baƙin man inji na kashe ta in an shafa. Ya zo da garwar kananzir wadda babu komi ciki, ya rungume ta a cinya tun daga gida.

A bakin gari gardan da ke tsaron shinge ya karɓi takardar tafiyata ya duba. Ya san ni tun ina jan akala, ya tambaye ni ko wannan taguwar tana gurfana in an ce mata ta gurfana. Agali ya ce tana gurfana ko ba a ce mata ba, in dai ta ga rairayi. Garda ya yi dariya ya ɗage itacen.

Maganar Agali ba ta faɗi ƙasa ba. Da ƙarfe shida da rabi muka kafe a wani tudun rairayi, muka sauka muka tone, muka shimfiɗa faranta biyu na ƙarfe ƙarƙashin tayoyi. Minti arba'in muka yi a nan. Mun shiga Kornaka ƙarfe takwas da minti ashirin, agogon mota ya nuna kilomita hamsin da ɗaya.

Kornaka, ƙofar gidan Kaparal

Mun same shi zaune a gindin aduwa, kan tabarma, da tsohuwar rigar soja wadda aka wanke har ta koɗe. Ba wanda ya gaya mini makaho ne. Ya yi shekaru a garejin soja a ƙetaren teku, idanunsa suka yi fari bayan ya dawo. Ina ganinsa na ce a raina na yi tafiyar banza.

Ban kashe inji ba tukuna ya ɗaga hannu ya ce in bar shi ya yi ta aiki. Ya karkata kai yana saurare kamar mai jin kiran salla daga nesa. Can ya ce in kashe. Bayan mun gaisa ya miƙe, ya dafa jikin motar ya zagaya har gaba, ya sa na buɗe murfi. Hannunsa ya tafi kai tsaye ga sandar awon mai, bai yi lalube ba. Ya zaro ta, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Ya ce akwai yashi a ciki, man ya gaji, amma injin mai rai ne, wanda ya ƙera shi bai yi ha'inci ba.

Na roƙe shi ya yi mini aikin. Ya ce a'a, ni zan yi, shi zai zauna kusa. Ya ce in wata rana na yi nisa arewa inda babu Kaparal, wa zan roƙa? Sai ya kama hannuna na dama, ya bi tafin da babban yatsansa, ya daɗe a kan kantar.

Ya ce, "Igiya ce ta yi wanga aiki. Madugu ne kai?"

Na ce, "Da can, Baba Kaparal."

Ya ce, "Injinka ba ya ba ni tsoro. Hannun ga shi ke ba ni tsoro."

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Ya faɗi abin da zan sayo a Maraɗi ina rubutawa a littafina na lakwal, wato makaranta: mai lita takwas, shida na inji, biyu na ajiya; filtir mai lamba daidai da wadda ke jikin tsohon; da zoben roba na bakin murfinsa. Ya sa na karanta masa sau biyu. Matarsa, Inna Tsahara, ta kawo mana fura da nono mai sanyi cikin ƙwarya, muka sha muka tashi ƙarfe goma.

Kornaka zuwa Maraɗi

Wannan zango kilomita saba'in da biyar ne, kuma rana ta yi zafi sosai, don bazara ce. Manoma na ta sharar gona suna ƙona kara. A Gulbin Kaba rairayi ya yi laushi, na sa giya ta ɗaya muka haye a hankali tsakanin itatuwan goriba, ba mu kafe ba. Mun yi azahar a wani ƙauye kusa da Tibiri, inda wata tsohuwa ta sayar mana da ƙuli-ƙuli da rogo. Mun shiga Maraɗi ƙarfe uku da rabi. A shingen shiga gari jandarma ya leƙa baya, warin fatu ya buge shi, ya mayar mini da takarda bai gama dubawa ba.

Mun sauka gidan dillalin fatuna, ya ba mu zaure da tabarmi biyu, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka. Agali ya ci malmala uku yana cewa abincin mutanen gulbi ba ya riƙe ciki.

Litinin, Maraɗi

Da safe aka sauke fatu, aka loda mini gishiri da sukari da garwar kananzir goma na ƴan kasuwar Dakoro. Ni na ɗaure kayan da kaina, ba na barin kowa ya yi mini ɗauri.

Ƙarfe tara na shiga kantin kayan mota. Akawun ya ɗauko wani filtir ya aje mini a kan tebur. Na buɗe littafina na gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, na ga na ƙarshe bakwai ne, nawa kuwa ɗaya. Na nuna masa. Ya dube ni, ya dubi littafin, ya koma ciki ya kawo na daidai, da zoben robarsa guda a cikin takarda. Na tambayi zobe na biyu, ya ce kowane filtir da nasa yake zuwa, ba a sayar da shi dabam.

Mun bar Maraɗi ƙarfe ɗaya, muka isa Kornaka ana kiran magariba. Kaparal ya sa aka share mana zaurensa.

Talata, aikin bidanji

Na tashi da murna, don motar ta kwana ta huce. Mu a ayari ba a taɓa yi wa raƙumi magani jikinsa da zafi, sai ya huta gumi ya bushe. Ina shirin shiga ƙarƙashi Kaparal ya ce in tayar da inji ya yi minti goma. Ya ce mai in ya yi sanyi kamar man shanu ne da safe, rabi zai fito, dattin ya kwanta a gindi. Agali ya ce ai ya daɗe yana gaya mini wannan dabbar komi nata a juye yake.

Bayan minti goma na kashe, na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙarƙashi. Kaparal ya zauna a ƙasa dab da tayar gaba. Ya ce in nemi toshiyar ƙarfe a gindin inji, in sa kile, wato abin kwance ƙusa, in juya hagu. Ta ƙi. Ya ce in bugi kilen da tafin hannu sau ɗaya. Ta saki. Ya ce in ƙarasa da yatsu, ina danna ta sama har zaren ya ƙare, sa'an nan in janye hannu da sauri. Ban yi sauri ba. Mai mai ɗumi ya bi hannuna har hammata. Agali ya turo garwarsa yana faɗa wai ina yi masa ɓarnar magani.

Man ya fito baƙi ƙirin. Kaparal yana jin ƙararsa a cikin garwa, shi ya faɗa mini lokacin da ya koma ɗigo, ni da ke kallo ban riga shi sani ba. Ya sa na goge toshiyar na miƙa masa, ya shafa bakinta ya ce babu garin ƙarfe, alhamdu lillahi. Na mayar da ita.

Filtir yana cikin wani gwangwanin ƙarfe a gefen inji, da murfi, da ƙusa ɗaya mai zare a tsakiya. Na kwance, na zaro tsohon, nauyinsa ya ninka na sabon saboda datti. Na wanke gwangwanin da kananzir, na goge da tsumma, na sa sabon. Tsohon zoben roba na ɓamɓare shi na jefar cikin rairayi. Kaparal ya ce in shafa wa sabon zoben mai da yatsa kafin in zaunar da shi.

Da na zo ɗaure ƙusar murfin, sai ya miƙe ya ɗora hannunsa a wuyan hannuna. Ina juyawa yana ji. Murfi ya zauna, na ƙara kaɗan, sai ya ce in tsaya. Ni kuwa a hannuna ko fara ɗauri ban yi ba.

Na ce, "Baba Kaparal, da saura."

Ya ce, "Babu saura. Roba ce ke riƙe mai, ba ƙarfinka ba. In ka matse ta ta mutu. Rubuta."

Na rubuta a littafi: a ɗaure, kada a matse. Muka zuba lita shida, na tayar da inji, allurar agogon mai ta tashi ta tsaya a tsakiya. Kaparal ya zagaya bakin murfin da yatsa, ya nuna mini yatsan a bushe. Muryar injin ma ta sauya, ta yi laushi. Na ba shi sukari da goro, ya karɓi goron, ya ce sukarin a kai wa Inna Tsahara. Ina wanke hannu na hango shi ya ja Agali gefe suna magana, na ɗauka zancen ƙazuwa ne.

Kornaka zuwa rijiya

Mun tashi ƙarfe goma da kwata. Bayan kilomita goma sha huɗu akwai rijiya inda makiyaya ke shayarwa, muka tsaya ƙara ruwa. Agali ya hango raƙuman wasu danginsa, ya tafi gaisuwa.

Wanda bai yi ayari ba sai in gaya masa. Duk madugu, in aka tashi aka yi tafiyar hantsi, a tsayawar farko sai ya bi kaya ɗaya-ɗaya ya ƙara jan igiya, don tafiya tana sassauta ɗauri. Wanda bai yi haka ba zai tsinci gishirinsa a ƙasa. Na zagaya Taguwa na ja igiyoyin kaya duka. Na gama, hannuna bai gamsu ba. Na buɗe murfin inji na dubi ƙusar nan. Na tuna abin da na rubuta, ban manta ba. Amma na ce a raina mota na tsaye Kaparal ya sa aka ɗaure ta, bai san girgizar da ta sha a hanya ba. Na sa kile, ta juya. Da na ga ta juya sai na ce ashe ta saki. Na zura bututun ƙarfe a kan kilen don ya yi tsawo, na ja har ta daina motsi. Sai na ji daɗi.

Tudun da na waiwaya

Mun yi kamar kilomita tara daga rijiya muka hau wani dogon tudu. A ayari in an hau tudu madugu yakan waiwaya ya dubi sawu, ko wani abu ya faɗi, ko wani raƙumi ya yanke a tafin ƙafa yana ɗigar da jini. Har yau ban daina ba. Na leƙa ta taga na dubi baya, sai na ga baƙin zare tsakanin sawun tayoyi, ya miƙe har gindin tudu. Na dubi allura, tana rawa tana faɗuwa. Na kashe inji nan take. Ƙarfe goma sha biyu saura minti biyar.

Gefen injin duk ya jiƙe. Na kwance murfin filtir, sabon zoben ya tsage gida biyu, gefe ɗaya ya fito waje kamar harshe. Na zaro sandar awo, mai a bakinta kawai ya taɓa. Da na ƙara tafiyar minti biyar da injin ya ƙone.

Na zauna a inuwar mota. Zobe ɗaya aka ba ni, na kashe shi. Tsohon na jefar a Kornaka. Gaba kilomita ashirin da takwas, baya ashirin da uku, kuma motar da za ta biyo wannan hanya sai an yi kwanaki. Na yi tunanin yanka fatar takalmina, na san mai mai zafi zai cinye ta. Agali ya tsuguna gabana ya tambaye ni ko na taɓa ƙusar a rijiya. Na ce na taɓa. Ya tambaya da bututu ko ba bututu. Na ce da bututu.

Bai yi mini dariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya sa hannu cikin naɗin rawaninsa ya daɗe yana lalube, ya fito da ƙullin tsumma, ya kwance. Tsohon zoben ne, an wanke shi an shafa masa mai.

Ya ce, "Makahon nan ya ji inda ya faɗi lokacin da ka jefar. Ya sa na ɗauko. Ya ce madugu ba ya wuce tsayawar farko bai ja igiya ba, ko an rubuta masa a goshi."

Na ce, "Don mi ba ka hana ni ba?"

Ya ce, "Abu biyu ya ba ni amana, zobe da kile. Ya ce in zauna a kan kilen. Na ga raƙuma na manta."

Na goge bakin gwangwanin, na zaunar da tsohon zoben. Ya taurare, amma bai tsage ba. Na kama ƙusar ina juyawa a hankali, ina jin kamar hannun Kaparal na kan wuyan hannuna. Murfi ya zauna, na ƙara kaɗan, na cire kilen na miƙa wa Agali.

Na zuba lita biyun ajiya, sandar awo ta nuna bai kai ko layin ƙasa ba. Agali ya dubi garwarsa, ya dube ni. Ya kwance bakin rawaninsa, ya ninka shi biyu a kan bakin inji, ya ce in zuba a hankali. Muka tace fiye da rabin maganin taguwarsa muka mayar cikin tawa. Rawanin ya tashi daga aiki. Mai ya hau tsakanin layi biyu. Na yi bisimilla na tayar, allura ta tashi ta tsaya. Na zagaya bakin murfin da yatsa, ya fito a bushe.

Isowa gida

Mun yi azahar a nan kan tudu, muka tashi ƙarfe biyu da rabi. Kowane kilomita biyar nakan tsaya in shafa bakin murfin in dubi sawu. Sau biyu hannuna ya nemi kile, Agali yana zaune a kansa bai ko motsa ba. Mun iso shingen Dakoro ƙarfe biyar da minti goma. Garda ya tambayi abin da ya sami rawanin Agali, Agali ya ce taguwar Bahaushe ce ta yi masa tofi.

Mai ɗakina ta fito da ruwa, ta ga rigata, ta koma ta ɗauko toka da sabulu. Sauran man da ke garwa ya isa shafa wuya da kafaɗun taguwar Agali, inda ƙazuwar ta fi yawa. Na saya masa sabon rawani, ya ce bai kai tsohon ba, ya naɗa.

Tun da tsohon mai ya koma ciki, bidanji na biyu ba zai jira lambar da aka saba ba. Na rubuta sabuwar lamba a kwali da hannuna, na maƙale inda direba ya maƙale tasa. Na aika wa Kaparal goro ta hannun wani mai zuwa kasuwar Kornaka, na ce a gaya masa duk abin da ya faru, kada a rage. Ɗan aiken ya dawo ya ce tsohon ya saurara har ƙarshe, tambaya ɗaya ya yi: da na sake ɗaure ƙusar a kan tudu, wa ya ce mini in tsaya? Da aka ce masa ba kowa, sai ya ce to a gaya wa madugu ba sai ya biyo ta Kornaka ba, ya yi bidanji na gaba a ƙofar gidansa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kaparal Nomau da Inna Tsahara, da mai masaukinmu na Maraɗi, da Mushe da ya koya mini bambanta bakwai da ɗaya. Agali kuma na gode masa, kilen yana wurinsa har yanzu, sai na nema yake ba ni.